Ƙwai a Ludayi

Da ludayi Zulai take ɗaukar ƙwai. Kowace safiya in ta idar da lazimi, sai ta durƙusa a bakin akurki, ta zura wani tsohon ludayin duma mai ɗinki a gindi, ta kwaso abin da kajinta suka saka ta juye a kwano. Matan Ƙofar Durbi sun yi mata dariya har sun gaji. Zabuwa ake yi wa haka, in ji su, ita ce in ta ji warin hannun mutum take ƙaurace wa gurbinta, amma kaza ko a tafin hannunka sai ta saka maka. Zulai takan yi murmushi ta ce nata kajin masu zuciya ne. Ƙwan kuwa ba ta ci. Wani ta sayar wa mai shayi na bakin titi, wani ta aika gidan mai jego, sannan ta wanke kwanon da toka. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalili da gaske, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gidan ɗaki biyu ne da zaure, ita kaɗai a ciki sai kajin. Haihuwa biyu ta yi a ƙuruciya, duk ba su zauna ba. Mijinta Malam Almu maɗinki ne, ya yi shekaru yana taka keke a zauren nan kafin Allah ya kira shi aikin Hajji. Ranar da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce mata, "Bana ni, baɗi ke." Bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a Mina, aka yi masa sutura a can. Akwatinsa na ƙarfe kaɗai aka kawo, da sallaya a ciki, da dabino, da wani farin mayafi da ya saya mata, da katinsa na allura mai ruwan ɗorawa.

Masu ta'aziyya suka yi ta yi mata barka. Wa ya kai Malam dace, ya mutu a ƙasa mai tsarki? Da barkar nan aka hana ta kuka. Shekara goma ke nan, kuma har yau in ta ji motsi a zaure sai ta ɗaga kai. Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta taka ƙasar da ya kwanta, ta tsaya ko daga nesa ne ta ce masa ga ta, ta iso.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, unguwa ta cika da sababbin manya. Wanda jiya yake cin bashin goro, yau ana buɗe masa mota. Cikinsu har da Ado, ɗan maƙwabta, wanda Zulai ta yi ta goyo lokacin da uwarsa take jinya. Shi ne ya zama kansila. Bayan ƙaramar Sallah ya yi sallama a gidan, babbar rigarsa ta sha sitaci har tana ƙara, ya durƙusa a bakin tabarma kamar dā.

Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiyar azumi da ta mulki. Sannan ya ce, "Inna, kujerar Makka aka ba ni guda. Na duba duk unguwag ga, ban ga bayan da ya ɗauke ni irin naki ba."

Zulai ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin da akwatin yake. Addu'ar da ta so yi masa ta ƙi fitowa daidai.

"Allah shi yi maka albarka, Ado. Allah shi rufa maka asiri."

"Amin, Inna. Hoto za a yi maki, sai allura. Ba a shiga jirgi sai da katin allura. Amma wannan ai ba wani abu ba ne."

Ranar allurar, Jummai maƙwabciyarta ta ce za ta raka ta, sai kuma suna ya faɗo a danginsu. Zulai ta ciro farin mayafin nan daga akwati, karo na farko, ta yafa, ta hau mota ita kaɗai zuwa wani ƙaramin asibiti da aka ware wa maniyyata can wajen Kambarawa.

Wurin ya cika. An raba layi, maza gabas mata yamma. Kowace tsohuwa da mai riƙe mata jaka, wata ɗiya, wata suruka, wata jika. Ana ta zolaya, ana kiran juna Hajiya tun ba a ga jirgi ba. Zulai ta sami gefen benci ta zauna, ta rungume jakarta da kanta.

Can sai wata ma'aikaciyar jinya ta fito, doguwa, baƙa, da farar riga da 'yar hula. Sunanta Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna ce, Hausarta tana da ɗan gishirin can. Ta tafa hannu aka yi shiru.

"Iyayena mata, ku saurara da kyau. Allura biyu za mu yi muku, ta sanƙarau da ta shawara. Ita ta shawara, da ƙwan kaza ake haɗa ta. In akwai wadda ƙwai ba ya karɓarta, wadda in ta ci sai jikinta ya feso da borin jini, ko bakinta ya kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ta faɗa mini tun yanzu. Ba kasafai ake samu ba, amma in an samu, ba wasa ba ne."

Wata mai ƙiba da haƙorin Makka ta ɗaga murya daga baya. "Mu dai rashinsa ne ba ya karɓarmu, 'yan mata!"

Aka kwashe da dariya. Wata kuma a kusa da Zulai ta sunkuyo tana yi wa ƙawarta raɗa, raɗar da kowa ke ji. "Ke dai kama bakinki. Ko ciwon kai kika ce kina yi, sai su soke ki su ba nasu."

Zulai ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa yatsun ƙafarta ido, abin da ta binne fiye da shekara hamsin ya taso mata har wuya.

Ita ce ɗiyar fari a gidansu, can ƙauye. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari: Baffa, mahaifinta, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta ba, in ta faɗi a gabansa sai ya kau da kai ya jira wani ya ɗaga ta. Alkunya ke nan, kuma a wurinsu ado ce. Wata damina, tana 'yar shekara bakwai ko takwas, aka aike ta kai masa fura gona. Ya karɓa, ya waiga dama ya waiga hagu, ya ga ba kowa sai gero. Ya sa hannu a aljihu ya ciro dafaffen ƙwan zabi, ya ɓare shi da kansa, ya miƙa mata yana kallon wani wuri.

"Ci maza," ya ce.

Ta ci. Tunda take ba ta taɓa cin abu mai daɗinsa ba, ba don ƙwan ba, don hannun da ya ba ta. Kafin ta isa gida leɓunanta sun kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta yana fita da kuka kamar na busa. Kaka ta tare ta a tsakar gida, ta ga ɓurɓushin gwaiduwa a gefen bakinta, ta tafa hannu ta yi salati. A lokacin ba a ba yara ƙwai, wai yana koya musu sata. Kaka ta ce ba sai an yi bincike ba, yarinya ta saci ƙwai Allah ya tona mata asiri, ga shi a fuskarta kowa ya gani. Aka ɗura mata nono da jiƙo, ta yi ta amai. Yadda ta rayu, Mai sama kaɗai ya sani.

Baffa ya dawo da yamma ya tarar da zancen. Ya zauna a bakin zaure yana tufkar igiya, bai ce uffan ba. Da wane baki zai ce wa mahaifiyarsa shi ne ya ɓare wa ɗiyarsa ta fari ƙwai? Zulai ta dube shi ta tsagar idon da ya rage mata, ta gane ba zai yi magana ba, ita ma ta yi shiru. Sunan Ɓarauniyar Ƙwai ya bi ta rafi, ya bi ta dandali, bai sake ta ba sai da aure ya kawo ta birni. Ko Malam Almu bai taɓa jin labarin ba. Ya dai san ba a soya ƙwai a gidansa.

Yanzu a ce ta miƙe a tsakiyar matan nan masu haƙorin Makka, ta ce ita ce? A tambaye ta yaushe, a tambaye ta yaya aka yi? Kuma in raɗar nan gaskiya ce, kujerar da ta jira shekara goma ta tashi ke nan. Ta ce a ranta, ɗan ruwan da bai cika cokali ba, me zai yi wa tsohuwa? Ai ba a shan zuma sai an sha harbi.

Da layi ya zo kanta, Rifkatu ta riƙe mata dantse, ta ɗan tsaya tana dubanta.

"Mama, kin ji abin da na faɗa a waje? Ƙwai fa?"

"Ni da nike kiwon kaji, ɗiyata?" in ji Zulai.

Ba ta yi ƙarya ba, haka ta gaya wa kanta. Aka yi mata ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Rifkatu ta danna mata auduga ta ce, "Ki zauna a bencin can da ke gaban taga, inda zan riƙa ganinki. Kada ki tafi sai kin yi rabin awa. In kin ji wani abu, ko mene ne, ki yi magana."

Ta zauna. Da farko ba komai, har ta fara yi wa kanta dariya. Sai tafin hannunta ya soma ƙaiƙayi. Ta murza shi a zani. Ƙaiƙayin ya hau kunnuwa, ya sauko wuya, fuskarta ta ɗauki zafi. Ta taɓa leɓenta da harshe, ta ji ba nata ba ne. Ta san wannan baƙo. Ya tsufa tare da ita, amma bai sauya kama ba.

Abin da ya fara zuwar mata ba tsoron mutuwa ba ne, kunya ce. Yanzu fuskar za ta kumbura a gaban jama'a, kowa ya gani, kamar a tsakar gidan Kaka. Ta ja farin mayafin ta rufe baki da hanci, ta miƙe a hankali.

"Hajiya, ina zuwa? An ce a jira," in ji matar da ke gefenta.

Wannan ne karo na farko da wani ya kira ta Hajiya. Ta so ta amsa da kyau, sai muryar ta fito a shaƙe. "Kewayawa za ni yi."

Ta bi jikin bango ta zagaya bayan ginin, inda famfo yake da butoci. Ba kowa a wurin. Ta yi niyyar ta wanke fuska ta ɗan zauna har abin ya lafa, ta koma ta karɓi katinta. Famfon ta kama, sai ƙasa ta karkace. Ta durƙusa, ta zame, kumatunta ya taɓa siminti mai laima. Maƙogwaronta yana tsukewa kamar bakin jaka in an ja igiya. Tana jin dariyar matan daga can gaba, kusa ƙwarai, bango ɗaya ne tsakani. Ta buɗe baki ta kira, ba abin da ya fito sai wannan kuka na busa.

Sai tsoro ya zo, gaba ɗaya. A nan za ta ƙare ke nan, a gindin famfo, tsakanin butoci, Malam yana can ita tana nan. Wa zai buɗe wa kaji? Ta ga gero yana kaɗawa, ta ga hannu yana ɓare ƙwai.

Takun takalmi ta ji, da gudu. Aka birkice ta rigingine, aka fizge mayafin daga fuskarta.

"Na same ta! Ku kawo tiren nan, maza! Ku kira direba!"

Muryar Rifkatu ce. Wani ya ɗaga ƙafafunta ya ɗora a kan bokiti. Ta ji an dafe cinyarta, da sauran ƙarfin da ya rage mata ta kai hannu za ta ja zani ta rufe. Aka buge hannun.

"Bar zanin nan, Mama! Ranki muke nema!"

Allura ta shiga cinyarta. Zuciyarta ta hau dukan ƙirji kamar ana sussuka. Rifkatu tana durƙushe a kanta, gwiwoyinta a cikin ruwan famfo, tana ta magana ba ta tsayawa: ki dube ni, ki ja, ki sake, kada ki rufe ido. Da abin ya ƙi sakinta aka ƙara mata wata. Sannan, kaɗan-kaɗan, igiyar ta sassauta. Iska ta shiga, siririya, mai zafi. Ta ga fuskoki sun yi mata rumfa, har da mai haƙorin Makka, ta dafe ƙirji tana salati. Duk abin da ta guda, ga shi ya same ta har da ƙari.

A babban asibiti aka kwantar da ita. Ɗakin mata dogo ne, kowane gado da mai jinya a ƙasa a kan tabarma, da fulas, da kwanuka. Ƙarƙashin nata gadon takalmanta ne kawai. Matar da ke jinyar uwarta a gadon kusa ita ke miƙo mata ruwa, tana tambaya, "Baba, naki ba su iso ba?" Zulai takan ce suna hanya.

Washegari da la'asar Rifkatu ta zo, ta tashi daga aiki, da atamfa a jikinta da ledar lemo a hannu. Ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi jiki, sannan ta ja kujera ta zauna. Fuskarta ba dariya.

"Mama, sau biyu na tambaye ki."

Zulai ta sunkuyar da kai.

"Da na yi magana a waje, kowa dariya ya yi, ke kaɗai kika dubi ƙasa. Shi ya sa na sa ki gaban taga. Na juya in ɗauko auduga, na ɗago na ga wurinki ba kowa. Da na ƙara jinkiri kaɗan, gawa zan tarar. Ni jiya ko abinci ban iya ci ba."

"Ki yahe mani, ɗiyata. An ce duk wadda ta yi magana soke ta za a yi."

"Wa ya ce? Da kin faɗa, wurin likita zan kai ki. Ko ya rubuta miki uzuri, ko a yi miki a gabansa da komai a shirye. Ba wanda zai taɓa kujerarki don wannan." Ta sassauta murya. "Kin san da shi, ko? Ya taɓa yi miki."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar da ta ga cinyarka, ta ga fuskarka a kumbure, me ya rage ka ɓoye mata? Zulai ta gaya mata, a hankali, muryarta har yanzu a dishe. Ta faɗi gonar, da furar, da waigen da Baffa ya yi. Ta faɗi sunan da aka sa mata. Tana faɗa tana mamakin yadda labarin ya zama gajere a baki.

Da ta gama, Rifkatu ta ce, "Mama, ba tonon asiri ba ne. Halitta ce. Akwai jikin da ƙwai ne ba ya so, wani gyaɗa, wani kifi. Jiki bai san na sata ba, bai san na kyauta ba. Ko da kuɗinki kika saya, haka zai yi miki."

"Ko da Kaka ce ta ba ni da hannunta?"

"Ko ita ce."

Zulai ta juya fuska wajen bango. A ƙasan zuciyarta, duk shekarun nan, ta ɗauka horo ne, don ta karɓi abin da ba a yarda uba ya ba ɗiyar fari ba. Sai yanzu kuma wani tunani ya zo mata, wanda ya fi wancan ciwo. Daga ranar nan Baffa bai sake miƙa mata ko ƙwayar gyaɗa ba har ya koma ga Allah. Ta ɗauka fushi yake yi, ko kunya. Ashe mai yiwuwa tsoro ne. Sau ɗaya ya nuna mata so, ya ga ya kusa kashe ta, ya mayar da hannunsa aljihu. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi wa Malam Almu ba. Rifkatu ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta dai zauna tana ɓare lemo.

Da za ta tafi, ta ciro kati mai ruwan ɗorawa daga jaka ta sa mata a hannu.

"Ga shi. Allurar ta riga ta shiga, an buga hatimi. Na rubuta a ciki da jan biro cewa ƙwai ba ya karɓarki, duk asibitin da kika je ki nuna, nan ko can. Ta shawarar nan shekara goma tana aiki. Ki huta, ki ci abinci. In kin je ki sa ni a addu'a, ni ma ni kaɗai ce a garin nan."

Zulai ta riƙe katin da hannu biyu. Da rai ta saye shi, amma ga shi.

Bayan 'yan kwanaki aka sallame ta. Labari kuwa ya riga ta isa gida, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wasu sun ce ta mutu ta dawo, wasu sun ce ɓarin jikinta ya shanye, 'yan adawa kuma suna cewa kansila ya tura tsohuwar mutane an kusa kashe ta don neman suna. Ado ya zo da yamma, da buhun shinkafa a bayan mota. Wannan karon a tsaye ya fara gaisuwa, sai daga baya ya tuna ya durƙusa.

"Inna, mun ji tsoro ƙwarai. Sannu. Allah shi ƙara sauƙi."

"Na warke, Ado. Ga ma katin, an buga hatimi." Ta ciro shi daga bakin zani ta miƙa.

Bai karɓa ba. Ya sosa ƙeya, ya dubi kaji.

"Wato Inna, da aka ce kina kwance ba ki san inda kanki yake ba, sai manya suka matsa. Sun ce kujera ba ta jiran mara lahiya. Kuma in kin tahi wani abu ya same ki a can, mi za ni ce ma mutane? An riga an ba wata. Amma baɗi, in Allah ya kai mu, ke ce ta farko. Na yi maki alƙawari."

Baɗi. Ta taɓa jin kalmar nan a bakin wannan ƙofa. Ta so ta ce masa ta goye shi yana zawo ba ta ce ta gaji ba. Ta so ta ce da ta yi magana a layi, da yanzu tana ɗinkin jaka. Amma wa za ta kama da laifi? Bakinta ne ya yi shiru. Ta mayar da katin bakin zani.

"Allah shi kai mu," ta ce.

Fitarsa ke da wuya Jummai ta yi sallama, da kwano rufe da faifai. Ta yi ta ba da haƙurin rashin zuwa asibiti, ga suna, ga yara, ga miji ba lafiya. Sannan ta buɗe kwanon da fara'a. Dafaffen ƙwai ne, har an ɓare, an barbaɗa yaji a gefe.

"Yaya Zulai, ki daure ki ci. Shi ke maida jini."

Zulai ta dubi kwanon. Dā sai ta yi godiya ta karɓa, in an fita ta nemi wanda za ta ba. Wannan karon sai ta ɗago kai ta dubi Jummai.

"Jummai, ƙwai ba ya karɓata. Tun ina yarinya. Shi ne ya kusa kashe ni, da shi ake haɗa allurar."

"Au, shi ne?" in ji Jummai. "To ai da kin hwaɗa tuntuni! Ƙanen mijina ma haka yake da gyaɗa. Bari in kai ma yara, gobe in damo maki kunu."

Ta rufe kwanon ta fita, tana kiran wani yaro da ya hau katanga. Shi ke nan. Zulai ta zauna a tsakar gida tana jiran wani abu ya biyo baya, ba abin da ya biyo.

Ranar da maniyyatan unguwa suka tashi, da hantsi, ta ji motocinsu daga titi, ana ta oda, mata na guɗa, yara na bin su da gudu. Ba ta fita ba. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfe, ta ninke farin mayafin, wanda har yanzu da tabon simintin famfo a gefensa, ta mayar da shi wurinsa. Ta ciro katin Malam Almu, ya koɗe, gefensa ya naɗe. Ta ajiye nata a kusa da shi. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san lissafi: nasa bana ya ƙare, nata bana ya fara. Ta ɗauki shekarunta ta ɗora goma a kai, ta dubi abin da ya bayar, ta bar lissafin.

"Na kusa, Malam," ta ce.

Ƙarar motocin ta yi nisa har ta ɓace. A tsakar gida wata kaza ta hau kyarkyara, tana shelar abin da ta saka. Zulai ta rufe akwatin, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauko ludayinta.